Ranar da Wule Ta Ƙoshi

Kai Nasiru, ajiye wayar nan ka dube ni. Tun ɗazu ina jin ku, kai da abokanka, wai kiwon shanun nono ba wani aiki ba ne, wai mutum ya sayi saniya biyu ya ɗaure a bayan gida, ya zuba musu dusa, da safe ya tara ƙwarya. A gaishe ku! Kallon kitse kuke yi wa rogo. Shanun da kuke gani a cikin waya ba sa jin yunwa, ba sa zawo, ba sa mutuwa. Ni furfurar nan tsakanin turke da komi ta same ni, don haka ku gyara zama. Tatsa kam, ko wane ne zai iya koyonta kafin wata ya mutu. Ciyarwa ita ce sana'ar. Zan ba ku labarin yadda na koye ta, da yadda muka yi da saniya ta ƙarshe a garken maigidana.

Saran kara shi ne aikin farko da Baffa Sambo ya ba ni. Na zo Kontagora daga Kumbashi ina saurayi, ban san komai ba sai fartanya, wani kawuna ya haɗa ni da shi. Bafulatani ne da ya gaji da yawon daji, ya zauna a gefen gari da 'yan shanunsa, yana sayar da nono ga masu fura da masu shayi. Ya miƙo mini adda, ya nuna mini gungume da tulin karan dawa, ya yi tafiyarsa. Ni kuwa na sassare su dogo-dogo don in gama da wuri. Da ya dawo ya ɗaga ɗaya ya duba, ya ce, "Mamman, danga na ce ka yi mini?" Ashe in ka ba saniya dogon kara, ganyen kawai za ta zame, ta tattake sauran ta yi fitsari a kai. Sai ka daddatsa shi tsawon yatsa, ka yayyafa masa ruwan gishiri, ka rufe da buhu ya kwana ya yi laushi, sannan ta cinye har gindin komi. Rani guda cur na yi ina wannan sara, tafin hannuna ya yi kanta, kafin ya yarda in taɓa hantsar saniya.

Kwasar kashi da safe kuma, na san ku aikin ƙazanta kuka ɗauke ta. Baffa ba ya bari a kwashe sai ya zagaya ya duba na kowace. In ya faɗo ya zauna kamar waina, da ɗan rami a tsakiya, lafiya lau. In ya fito ƙulu-ƙulu a bushe, ruwa ya yi mata kaɗan. In ya tsinke yana warin tsami, ko ka ga ƙwayar hatsi a ciki, to hannunka ya yi nauyi wajen dusa, kuma ranar kunnenka zai sha magana. Daga nan sai ya koma kwiɓinta na hagu, ya danna da dunƙulen hannu, ya tsaya yana jira ya ji tumbi ya juya. Sannan ya dubi bakinta. Saniyar da ta kwanta tana tuƙa, ka ƙyale ta, nono take haɗa maka. Wadda ta kwanta baki a rufe shiru, ranar ba ka da zuwa ko'ina.

Awon dusa ne inda na fi shan faɗa. Yana da wata 'yar ƙwarya da ta tsage aka ɗinke, ita ce ma'auninsa, ba a canza ta. Mai jego da ke ba da nono sosai, ita ke samun kaso babba, a haɗa mata da tafin angurya ko tunkuzar gyaɗa, a ƙara mata harawa mai ganye. Wadda ta ƙafe, ɗan kaɗan. Mai ciki da ta kusa, a riƙa ɗaga mata a hankali, don kada ta haihu ta kasa tashi. Kuma har abada ba a ba da dusa a kan wofin ciki, sai ta fara cin ciyawa ko kara. Ni da nake da saurin tausayi, in saniya ta kalle ni ta yi ɗan kuka sai in ƙara mata. Ya kama ni ran nan, ya fizge ƙwaryar.

"Ciyawa ce tuwo, dusa miya ce," in ji shi. "Ka taɓa ganin wanda ya sha miya zalla ya tashi lafiya? Cikin saniya ba ya son ba-zata, Mamman. Abin da bai saba da shi ba, ko zuma ce, guba ce. Ƙari da tafin hannu ake yin sa, yau kaɗan, jibi kaɗan, har ya saba."

Haka yake yi da komai. In ruwan farko ya sauka sabuwar ciyawa ta tsiro, ba ya sakin su a kanta sai sun cika ciki da busasshen kara. Gyauron dawa kuwa, wanda ke sake tohowa bayan girbi, ko kusa da shi ba ma bi da su, don ya sha kayar da manyan shanu suna tsaye.

Jan ruwa ya cinye mini kafaɗa. Ku da kuke cewa nagge daɗi goma, ku sani rabin daɗin nan daga rijiya ake jawo shi. Saniya mai nono in ta rasa ruwa yau, gobe ƙwarya za ta gaya maka. Sai gishiri da kanwa. In ka ga saniya ta fara lasar bango, tana tauna tsumma, tana bin ƙashi, jikinta ne ke neman abin da babu a komi. Ka yi sakaci, sai ta koma kan leda, kuma kun san garin nan ba ya rasa leda. Shi ya sa duk bayan 'yan kwanaki muke jiƙa musu kanwa, dunƙulen gishiri kuma ba ya barin gindin turke.

Yanzu bari in gaya muku al'adar unguwarmu, don sai da ita za ku gane abin da ya faru. Garken yana bayan gidan Baffa, yana da 'yar ƙofar langa-langa da ke fita lungu, ba a kulle ta. Matan unguwa in sun yi surfe ko sun dawo daga injin niƙa, sai su kawo dusarsu da ƙasari, in karɓa in juye a durom, in zuba musu nono a kwanon. Ba ciniki, ba awo, kowa ya san daidai. Shugabarsu ita ce Goggo Asabe mai fura, mace mai faɗa da kyauta. Harshenta ya san garkenmu fiye da idona. Sai ta ɗanɗani kindirmo ta ce, "Mamman, jiya kun cika musu angurya," kuma haka ɗin ne. In nono ya yi ruwa-ruwa, har garke take biyo ni da ludayinta tana yi mini tsiya a gaban shanu.

Cikin shanun akwai wadda Baffa ba ya haɗa ta da kowace. Ja ce mai farin goshi, ya sa mata Wule, haka suke kiran irinta da Fulatanci. Asalinta daga karsanar da mahaifinsa ya ba shi ranar sunansa ne, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka zo kanta. Sauran duk saye ne ko musaya. Ita kaɗai ce jinin garken ubansa.

Shekarar da ta karya mu ba ta yi nisa ba, kuna da wayonku a lokacin, sai dai ku tsadar shinkafa kawai kuka sani. Ruwa ya ɗauke da wuri. Ƙauyuka da dama kuma mutane sun bar gonakinsu saboda tsoron 'yan bindiga, wake da gyaɗa suka bushe a tsaye ba mai cirewa. Harawar da ke shigowa gari mota-mota ta zama sai an yi sa'a. Fadamar da muke kai shanu ba ta shiguwa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da na lura durom ɗin dusa ya daina cika. Ba rowa matan suka yi ba. Gidaje ne suka daina surfe, ana niƙa masara da dusarta a tuƙa, don kada a rasa ko tafi ɗaya. Mutum ya koma cin rabon saniya.

A cikin wannan hali Baffa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, uwar 'ya'yana ke kai masa abinci. Muka fara sayar da saniya don mu ciyar da saura. Tagar ɗakinsa tana kallon garke. Duk wadda aka ja zuwa kasuwa, da kukanta yake gane ta, sai ya kira sunanta ya juya fuska bango. Wallahi na gwammace in yini ina jan ruwa da in shiga ɗakin nan ranar kasuwa. Kafin rani ya raba, garke ya zama wayam, saura Wule, da cikin da muke sa ran za ta sauke a farkon damina.

Ya kira ni ya ce, "Mamman, in Wule ta sauka lafiya, garke bai mutu ba. Ka kai mini ita damina. Ban roƙe ka komai ba sai wannan."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baffa."

Neman abin da za ta ci ya zama aikina daga asuba zuwa magariba. Na hau itatuwan kawo da madobiya na saro ganye, da shekaruna. Na bi masu rogo ina kwasar ɓawo ina shanyawa. Na sayi karan shinkafa da ko a da ba ma shimfiɗa musu shi. Wata da watanni ba ta ga dusa ba. Haƙarƙarinta ya fito ana iya ƙirgawa, ƙugunta ya yi tsini, amma kullum na danna kwiɓinta tumbi na juyawa, kuma tana tuƙa. Ramammiya ce, amma lafiyarta ƙalau. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, ina cewa a raina saura ƙiris.

Sai na ji an ce harawar wake ta fito a kasuwar Bangi. Mai ciki irin wannan tana bukatar abin da ya fi kara. Na sara mata na yini, na ce wa uwar 'ya'yana ta ba ta ruwa, na hau mota da niyyar dawowa kafin magariba. Ranar ce kuma ake bikin autan Goggo Asabe, matan unguwa duk suna gidanta, har da tawa. Na samu harawar, mai kyau, ganye shar. Amma da la'asar ta yi, direbobi suka ce hanya ba kyau, ba mai tashi. Dole na kwana a tasha.

Washegari wajen azahar mai keke ya sauke ni a bakin lungu da damin harawata. Na tarar da Goggo Asabe da mata suna wanke tukwanen biki. Tana hango ni ta ɗaga murya.

"Mamman, sannu da hanya! Ka yi sake biki ya wuce ka. Amma kada ka damu, 'yarka ta ci rabonka."

Na ce, "Wace 'yar tawa, Goggo?"

"Wule mana. Na leƙa jiya na ga haƙarƙarinta, wallahi sai da na yi hawaye. Shekara nawa baiwar Allahn nan tana shayar da mu? Na ce yau kam sai ta ci ta ƙoshi. Dusar masarar bikin nan kaf na sa aka juye mata."

Wata daga gefe ta ce, "Ni ma na kai mata ragowar shinkafa, daro guda. Na tarar da komin a lashe tas, na ce ashe ba wanda ya tuna da ita."

Wata ta ce ita ƙullin waina ne ya yi saura ta kai. Wata ta ce da safen nan ta jiƙa ƙanzon tukwane ta zuba mata. Kowace ta zo ita kaɗai, ta ga komi a lashe, ta ɗauka ita ce ta farko. Suna faɗi suna dariya, suna jin daɗin abin da suka yi. Na ce musu na gode. Ban san lokacin da na saki damin harawa a ƙasa ba.

Na same ta a tsaye, kai a sunkuye, ƙafafu a wawware. Bakinta a rufe, sai cizon haƙora. Cikinta na hagu ya cika ya yi tam, na danna na ji yana ƙugi kamar tulun da ba a cika ba, na jira, na jira, tumbi bai juya ba. Bayanta duk zawo ne fari-fari mai kumfa, warin tsami ya cika garke. Na ɗebo harawar da na kwana a tasha dominta na kai mata baki, ko shinshinawa ba ta yi ba.

Na jiƙa kanwa na ɗura mata da kwalba, na bi da man gyaɗa. Na aika aka ɗauko likitan dabbobi a babur. Yaron kirki ne, ya yi iya yinsa, ya zura mata roba ta baki ya rage abin da ya ragu, ya yi allurai, ya ɗaura mata ruwa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Baba, cikin da ya daɗe bai ga hatsi ba ne aka yi wa lodi. Ya riga ya ƙone. Sai dai addu'a." Muka kwana a kanta. Gari na wayewa ta kwanta, ta juya kai ta ɗora a kwiɓi, idanunta sun faɗa.

Baffa yana jin nishinta ta taga. Ya ce in fitar da shi. Na goya shi, bai fi damin kara nauyi ba, na zaunar da shi kusa da ita. Ya sa hannunsa mai lafiya a kwiɓinta, ya daɗe. Ya sunkuya ya shinshini bakinta. Bai tambaye ni me ta ci ba.

Ya ce, "Wa ya ba ta?"

Na ce, "Unguwa ce, Baffa. Kowa da kowa."

Ya shafa farin goshin nan. Can ya ce, "Kira mahauci, kada ta zama mushe."

Ni na riƙe kanta. Na sha riƙe shanu ana yankawa, amma ranar daban ce. Da mahauci ya farke tumbi, shinkafa da dusa suka zubo sun ruɓe, fatar ciki tana saluɓewa a hannu. Sannan ya ciro abin da ke mahaifa. Ya riga ya mutu, ga gashi ya fito, ga kofato, komai ya kammala. Na so in rufe da buhu, Baffa ya ce, "Mene ne?" Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Na ce, "Mace ce." Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ni ne na yi kuka, ba shi ba.

Daga kukan sai zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na nufi ƙofar lungu da jini a hannuna.

"Ina za ka?" in ji shi.

"In gaya musu abin da suka yi."

"Ka gaya musu me? Cewa a shekarar da mutum ke ɓoye wa ɗan'uwansa tsaba, sun ɗauki abinci sun kawo wa dabbata? Dawo ka zauna. Duk wadda ta tambaye ka, ka ce kwananta ne ya ƙare, ba ƙarya ka yi ba. Tumbin nan ku binne shi yanzu. Naman kuma, duk gidan da ya kawo mata kwano a kai masa."

Haka aka yi. Mahauci ya kama bakinsa, uwar 'ya'yana ma haka. Ni na bi gida-gida da nama, suna yi mini jaje, wasu suna hawaye, suna cewa ashe ciwo ne a jikinta shi ya sa ta rame haka. Ina cewa Allah ya ba da lada. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro a garke har gwiwa, ba bakin da zai ci. Baffa bai ga kakar shekarar ba.

Na yi aiki a garken wasu, har Allah ya hore mini 'yan shanun da kuke gani yanzu. Ƙofar garkena da kwaɗo take kwana, da kwaɗo take yini, durom ɗin dusa kuma a waje yake. Mutane suna cewa Baba Mamman ya cika tsanani, ko ɓawon ayaba ba ya bari a miƙa wa saniyarsa. Su faɗa. In kun sayi naku, Nasiru, hannu ɗaya ne zai riƙa zuba musu, kuma mai hannun ya san abin da suka ci jiya.

Ban taɓa buɗe bakina a kan wannan ba sai da Goggo Asabe ta rasu bara. Da jikinta ya yi tsanani na je gaishe ta. Tana kwance a tabarma, muryar nan da ke cika lungu ta koma sai ka matso. Muka gaisa, ta tambayi iyali. Sai ta ce, "Mamman, ina yawan tuna saniyar nan ta Baffa. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai, ba ta tafi da yunwa ba. Mun ciyar da ita, ko?"

Na dubi ƙasa. Tana jira.

Na ce, "Kun ciyar da ita, Goggo. Ta ƙoshi."